Me limamin asibiti zai yi wa Baba wanda malaminmu na gida bai yi ba?

"Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake rubuto maka, a nan Kumasi. Mahaifinmu yana fama da ciwon daji na hanta. Likitoci sun ce ya bazu, abin da ya rage shi ne a rage masa raɗaɗi. Sun haɗa mu da wata tawaga mai kula da irin waɗannan majinyata, kuma nas ɗinsu ta tambaye mu ko muna so limamin asibiti ya riƙa zuwa wurinsa. Yayana ya ce sam, kiran liman kamar an sallama Baba ne, kuma ai muna da malaminmu da ke yi masa rubutu da tofi. Gwaggonmu ita kuma tsoronta kada a turo mana fasto. Ni na rasa na kamawa. Mene ne aikin wannan limamin, kuma akwai abin da zai amfana wa Baba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa kaffara ce, ya ba ku ladan ɗawainiya. In na fahimce ki, abu uku ne ya tsaya miki a rai: ko zuwan liman yana nufin an fid da rai, me zai ƙara a kan abin da malaminku yake yi, da kuma ko za a kawo muku wanda addininku ba ɗaya ba. Na daɗe ina wannan aiki tare da wata tawagar jinya a garin nan, wani lokaci a gefen gadon asibiti, wani lokaci a ɗakunan Zango, don haka da abin da idona ya gani zan amsa miki. Shawarata tun daga farko ita ce, in dai Baba da kansa ya yarda, a kira shi, kuma a kira shi yanzu, tun harshen Baba yana juyawa.

Inda aikin ya samo asali

Irin jinyar da aka sa Baba a ciki tana da tarihi. Wata mata 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, don mutanen da ciwonsu ya fi ƙarfin magani. Zaman da ta yi da su ya nuna mata cewa raɗaɗin mai jinyar ajali ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na jiki, akwai na zullumi, akwai na tunanin iyali da abin da za su ci, akwai kuma na tsakanin mutum da Ubangijinsa, kuma kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan fahimta, a bayanin da ta fitar a 2002 ta sa matsalolin ruhi cikin abin da wannan jinya za ta kula da shi, sannan a 2014 babban taronta ya nemi ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin lafiyarsu. A Afirka, aikin da likita Anne Merriman ta fara a Uganda a 1993 ya yi tasiri ƙwarai, musamman wajen kai wa majinyata ruwan mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi kuma mai araha, har gida. A nan Ghana gidajen da aka keɓe don jinyar ƙarshe ba su da yawa. Abin da aka fi samu shi ne tawaga a cikin babban asibiti, kamar Korle Bu a Accra da Komfo Anokye a nan, wanda mutanen gari ke kira Gee. A cikin tawagar akwai likita da nas da jami'in walwala da mai haɗa magani, kujerar malamin addini kuma tana cikinsu.

Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dubiya haƙƙin Musulmi ce a kan ɗan'uwansa, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama: na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Sabon abin kawai shi ne an ware mutum guda, an koya masa yadda asibiti ke tafiya, an ce wannan ne aikinsa.

Maganar da gida ba ya bari a yi

Ki lura da yadda muke dubiya a Zango. Mutum goma su cika ɗaki, a ajiye koko da ƙosai da lemo, kowa ya ce "Sannu Baba, ai jiki ya yi kyau, in sha Allahu za ka miƙe." In Baba ya buɗe baki ya ce "Ni dai ina jin tafiya ta zo," sai a yi masa caa: "Haba Baba, daina faɗin haka!" Ƙauna ce ta sa, ba na musu. Amma wannan ƙaunar ita ke rufe masa baki. Mafi yawan tsofaffin da na zauna da su sun san halin da suke ciki tun kafin likita ya gaya wa 'ya'yansu. Jikinsu ne, suna jin yadda ƙarfi ke zarewa. Sai ya zama 'ya'ya suna ɓoye wa uba don kada ya karaya, uba yana ɓoye wa 'ya'ya don kada su yi kuka, kowa yana ɗauke da kaya shi kaɗai a ɗaki guda.

Nan ne babban aikin limamin asibiti. Shi bare ne, ba ya cikin masu gado, ba zai fashe da kuka ba, kuma ba ya tsoron kalmar mutuwa. Zai ja kujera ya zauna daidai tsayin gado, ya gaisa, ya tambayi Baba inda aka haife shi da sana'ar da ya yi, sannan ya yi shiru ya saurara.

Akwai wani dattijo, tsohon bafataken goro, da na riƙa zuwa wurinsa a wani gida a Asawase. Zuwa biyu na farko hirar hanya kawai muka yi, yadda ake jera goro a huhu da ganye, yadda ake yayyafa masa ruwa, da irin asarar da mutum kan yi in mota ta kwana uku a kan iyaka. A zuwa na uku ya ce wa jikarsa ta je ta sayo masa ƙanƙara, wadda ni da shi mun san ba sha zai yi ba. Da ta fita, ya sa na ɗaga katifa ta wajen kansa. Wani ɗan littafi ne a ƙulle cikin leda, an rubuta shi da ajami, tawadar ta koɗe. Ya sa yatsa a kan layi ɗaya. Kuɗin wani abokin fataucinsa ne da ya ba shi ajiya, abokin ya rasu a hanya, shi kuma kasuwa ta karye masa a shekarar, ya taɓa kuɗin da niyyar mayarwa. Sama da shekara ashirin ke nan. Ya ce, "Malam, wannan ne ke hana ni barci, ba cikin nan ba." Da izininsa muka kira babban ɗansa, aka nemo 'ya'yan mamacin, aka biya abin da ya sawwaƙa, suka yafe saura ta waya yana ji. Nas ɗin da ke zuwa gidan ta gaya mini cewa daga makon nan ya daina kiran a ƙara masa magani da tsakar dare. Ciwon hantarsa yana nan yadda yake, bai ragu ba, kuma ya rasu bayan wata guda da 'yan kwanaki.

Irin wannan ba ta da iyaka: bashi, ajiya, ɗan da aka yi fushi da shi aka daina ambaton sunansa, matar da aka saka ba a kyauta mata ba, fili a Bawku ko Salaga da ba wanda ya san iyakarsa sai shi, wasiyyar da yake so ya yi amma yana jin nauyi. A nan liman zai tuna masa cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Wani kuma abin da ke cinsa tsoro ne tsagwaronsa: shin Allah zai karɓe ni? Wannan ba a amsa masa da wa'azin wuta. Annabi ya ce kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata wa Allah zato, don haka ayoyin rahama ake jawo masa, a tuna masa alherin da ya shuka wanda shi ya manta.

Duk wannan yana bukatar mutum mai hankali a jikinsa da bakin magana. Ciwon hanta kuwa, likitocinku za su tabbatar miki, in ya yi nisa yakan kawo yawan barci da ruɗewa. Shi ya sa na ce yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da yawa ana kirana ne bayan numfashi ya canza, in zo in tarar ba abin da ya rage sai addu'a, alhali mako uku kafin nan mutumin yana da magana a bakinsa.

Na taɓa yin kuskure a farkon aikina wanda har yau yake damuna. Wani magidanci mai ƙananan yara ya ce mini, "Malam, me na yi wa Allah?" Ban bari ya rufe baki ba na shiga jero masa ayoyin haƙuri da ƙissar Annabi Ayuba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya saurara, ya ce na gode, ya juya fuskarsa bango, bai sake yi mini wata magana mai nauyi ba har ya rasu. Ba fatawa yake nema ba, so yake wani ya ji irin nauyin da ke ƙirjinsa game da yaran nan. Tun daga ranar, in aka yi mini wannan tambaya sai in ce, "Gaya mini abin da ya fi yi maka ciwo a ciki," in kama bakina.

Salla, tsarki da maganin raɗaɗi

Akwai kuma tambayoyin ibada, waɗanda majinyata ke jin kunyar yi wa 'ya'yansu. Wata Hajiya ta yi kwana tara ba ta salla saboda an sa mata robar fitsari, tana ganin ba ta da tsarki, tana kuka a ɓoye, ita da ba ta taɓa barin salla ba tun tana budurwa. Na bayyana mata cewa a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin da ke zuba ba da ikon mutum ba, ya lizimci mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala, kuma wanda ruwa zai cutar ko ya gagare shi taimama ta isar masa. Ina yawo da ɗan dutse mai santsi a aljihun jakata saboda haka. Na ɗora mata shi a kan zanen gado, ta buga tafukanta, ta shafi fuska da hannuwa, muka juya gadon kaɗan ya fuskanci gabas, ta yi azahar a kwance da ishara. Hadisin Imrana ɗan Husaini ne: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Haka batun azumi ga wanda ba a sa ran warkewarsa, da ciyarwar da ake yi a madadinsa.

Sai mofin. Ina rokonki ki riƙe wannan da kyau, domin a nan ne na fi ganin ana azabtar da tsofaffi da sunan addini. Iyalai da yawa suna ƙin a ba majinyaci, wasu su ce kayan maye ne, wasu su ce yana gaggauta ajali, wasu su ce zai hana shi cikawa da kalmar shahada. Na san abin da ya ƙara tsoron, mun ga yadda tiramadol ya lalata samari a unguwanninmu. Amma wanda likita ya auna wa mai ciwon daji daban ne. Da kaɗan ake farawa, a riƙa ba shi a kan lokaci, yawanci duk awa huɗu in na ruwa ne, ana ƙarawa gwargwadon raɗaɗin. Yakan kawo gyangyaɗi a kwanakin farko sannan ya lafa, yakan kuma ɗaure ciki, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassauta bayan gida. Ga mai ciwon hanta likita zai ƙara taka-tsantsan wajen awo, wannan fanninsa ne. Abin da ni na shaida shi ne, wanda ciwo ke murƙusawa ba ya iya salati balle ya yi wasiyya, wanda aka sassauta masa kuwa shi ne za ki ga carbi na tafiya a hannunsa. Magani ne na lalura, kuma jure azabar da Allah ya saukar da maganinta ba shi ne haƙuri ba. Sau da yawa aikina a nan tafinta ne: in zauna tsakanin likita mai Turanci da Twi, harshen Asantawa, da iyali masu Hausa, in tabbatar kowa ya ji abin da ɗayan ke tsoro.

Malaminku, da batun fasto

Kada a sallami malaminku. Ya san Baba shekara da shekaru, wataƙila shi ya raɗa muku suna, kuma muryarsa a ɗakin tana da daɗin da tawa ba za ta yi ba. Liman nagari zai nemi su gaisa su yi aiki tare. Abin da zai ƙara shi ne sanin asibiti. Misali, in haɗiya ta fara yi wa Baba wuya, ɗura masa rubutu a kofi zai iya sarƙe shi ya gangara huhu, sai a jiƙa auduga a shafa masa a leɓe. Jiƙe-jiƙen sassaƙe kuma a nuna wa likita tukuna, domin hantar da za ta tace su ita ce ba lafiya. Inda nake tsayawa da ƙafafuna shi ne in wani ya zo ya ce sammu ne, a kawo rago da kuɗi kaza, ko ya nuna kishiya ko maƙwabci. Na ga gidan da aka sayar da shago saboda irin wannan, aka binne tsoho, aka bar 'yan'uwa ba sa ga maciji.

Tsoron Gwaggo yana da dalili. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a ƙasar nan, asibitoci da dama kuma coci ce ta gina su, don haka malamin addinin da za a fara samu a wurin sau da yawa Kirista ne. Amma ƙa'idar aikin ita ce ba a amfani da raunin majinyaci a ja shi zuwa wani addini, kuma ba a yi masa addu'ar da bai nema ba. Kuna da iko ku ce Musulmi kuke so, kuna da iko ku ce ba kwa son kowa, ba kuma abin da zai rage a kulawar da ake ba Baba. Ku faɗa wa nas ɗin a fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In masu wa'azin da ke zagaya ɗakunan majinyata suka matsa muku, ku gaya wa shugabar nas-nas ta ɗakin, su ba 'yan tawaga ba ne. Zan kuma faɗi alherin da na gani: akwai wani fada na Katolika da ya sha bugo mini waya da dare ya ce ga wani Musulmi ba shi da kowa, in zo. Ni ma na taɓa zama riƙe da hannun wani tsoho Kirista har nasa malamin ya iso da man shafawarsu. Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce, ashe ba rai ba ne?

In lokaci ya yi

Liman zai koya muku abin da ake yi, don kada ruɗewa ta sa a wahalar da shi. Laƙƙana kalmar shahada sunna ce, amma a hankali ake yi, mutum guda wanda Baba ke so ya faɗe ta kusa da kunnensa, ba a ce masa "ka ce" ana girgiza shi. In ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, sai in ya yi wata maganar duniya a sake tuna masa. In bai iya furtawa ba saboda nauyin ciwo, wannan ba alamar mugun cikawa ba ce, kada kowa ya ɗora wa kansa wannan tunani. Ba a ɗura ruwa ko abinci ga wanda ba ya haɗiya. Karatun Yasin kuwa malamai sun saɓa a kansa, na san kuma a gida ɗaya a Zango akan sami ɗan Tijjaniyya da ɗan Ahlussunna. Ni abin da majinyacin ya rayu a kai nake bi, gefen gadon uba ba wurin muƙabala ba ne. Hawaye ba laifi, Annabi ya zubar da su a kan ɗansa Ibrahim.

Akwai amfani guda na zama a hannun tawagar wanda mutane ba sa tunawa sai ranar. Mu muna gaggauta jana'iza, maƙwabtanmu Asantawa kuwa sukan ajiye gawa makonni, tsarin ɗakin ajiye gawa ya fi sabawa da nasu. Wanda ya rasu a gida ba likitan da ya san ciwonsa, takardar shaidar mutuwa kan yi wuya, har a kai ga binciken gawa. Wanda tawaga ke bibiya kuwa an san ciwonsa a rubuce, liman ya san ofishin da za a bi, sai a samu a kai shi maƙabartar Tafo ko inda ya yi wasiyya ba tare da an kwana ana jeka-ka-dawo ba.

Abin da ba zai iya ba

Ba likita ba ne, ba zai ce miki saura kwana kaza ba, ba kuma zai canza awon magani ba. Ba zai gaya wa Baba sakamakon gwaji a bayan idonku ba, amma in Baba ya dube shi ya tambaye shi gaskiya ba zai yi masa ƙarya ba, zai nemi a zauna da likita da ku. Abin da Baba ya gaya masa a asirce ba zai kwashe ya kawo muku ba sai da izininsa. In baƙin ciki ya zama cuta, mutum ya daina ci da magana ko yana neman ya cutar da kansa, likitan ƙwaƙwalwa ake kira. Rabon gado mai sarƙaƙiya na malaman fara'ila ne. Kuma mu ma mutane ne, akwai wanda ya iya zama da majinyaci, akwai wanda mumbari ya fi dacewa da shi. In wanda aka turo ya cika ɗakin da surutu, kuka ga Baba yana gajiya, ku nemi wani.

Game da yayanki, kada ki yi ja-in-ja da shi, tsoron rabuwa da uba ne ke magana a bakinsa. Ki ce masa dubiya ce, ba sallama ba, kuma zuwan malami bai taɓa matso da ajali ko ya ja shi baya ba. In ya so ya zauna a zuwan farko ya gani da idonsa. Amma kafin duk wannan, ki sami lokacin da ɗakin ya yi shiru, bayan la'asar ko da safe in an gama goge masa jiki, ki ce, "Baba, akwai wani malami da ke zagaya marasa lafiya, kana so ya zo ku gaisa?" In ya ce a'a, a bar shi, a sake tambaya bayan kwana biyu. In ya ce to, ranar da malamin ya zo ku gaisa da shi, ku ba shi kujera, sannan ku ɗan fita tsakar gida ku ja musu ƙofa.